Shekarar da Alhaji Yusha'u Ya Daina Zagina

Wannan babin na rubuta shi ne saboda ku 'ya'yana, da kuma 'ya'yan marigayi Alhaji Yusha'u, waɗanda ban taɓa bambanta su da ku ba. A wurin zaman makokinsa, babbar 'yarsa Hauwa'u ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. Da za ta tashi sai ta yi ƙasa da murya ta ce:

"Baba Habibu, har yau ban gane abin da ya sa ka yi wa Abba haka a filin wasa ba."

Ban amsa mata ba, don wurin ba na wannan maganar ba ne. Amma tambayar ta zauna mini a rai, na kuma lura ku ma kun tashi da labarin a karkace, wai ni na kunyata aminina a gaban iyalinsa don in raba shi da kulob ɗinmu na kurket. To ga yadda aka yi, tun ina da sauran hankalin faɗa.

Ni Bakano ne, shi Bazazzage, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da su tun kaka da kakanni: wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. A filin da direbobin tasi ke jiran layi a tashar jirgin sama ta JFK muka haɗu, ina sabon zuwa. Zama ya ishe ni a mota, na fito ina miƙe jiki, na ɗauki burushin share dusar ƙanƙara ina kwaikwayon bugun kurket da muka koya a makarantar kwana. Sai na ji murya a bayana da Hausa:

"Kai, wa ya koya wa Bakano riƙe sanda? Ai ku sai riƙe mudu."

Ban ko waiwaya ba na ce masa lallai yau na tsinci bawana da ya gudu. Da haka muka fara, da haka kuma muka ci gaba shekara da shekaru. Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba tare da ya lanƙaya masa wani abu ba. Ko ranar sunan 'yata Sadiya, a gaban liman, cewa ya yi Allah Ya raya yarinya, Ya kuma tsare ta da rowar ubanta.

Ku da kuka girma da ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa ba ku damu da kurket ba, don haka bari in gaya muku iya abin da za ku gane labarin da shi. Masu bugu biyu ne a fili, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, kowa da layinsa da 'yan sanduna uku a kafe a bayansa. In aka jefo ƙwallo ɗaya ya buga, sai su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In abokan hamayya suka ture sandunan nan da ƙwallo alhali babu kowa a layin, an fitar da mutum ɗaya ke nan, ba zai sake bugu ba a ranar. Saboda haka dole a yi kira. Ɗaya ya ce "Zo!", in ɗayan ya ga ba za a kai ba ya ce "A'a!" da ƙarfi, kowa ya tsaya a inda yake. Irin wanda muke yi ranar Lahadi a filin Van Cortlandt wasan yini ɗaya ne, jifan ƙidayayye ne, babu lokacin nawa. Wanda bai iya gudu ba ya ci amanar abokinsa ko da bai yi niyya ba.

Alhaji Yusha'u shi ya kafa kulob ɗin. Shi ya bi mu ɗaya ɗaya, 'yan Najeriya da 'yan zangon Kumasi da Akara, har daga baya 'ya'yanmu da suka koyi wasan a makarantun Bronx suka shigo. Kuma ni dai ban ga mai bugu irinsa ba. Ba mai ƙarfin duka ba ne. Ido gare shi, da haƙuri. Yakan tura ƙwallo inda babu kowa cikin natsuwa, kamar mai jera kaya a kanta. Samarin Jamaika masu jifa kamar za su kashe mutum sukan zo masa da zafi, su koma suna huci, shi ko hularsa ba ta karkace ba. Su suka sa masa suna Ticha. Ranar da duk muka zube, shi ne yake tsayawa har a tashi.

A shekarar da nake ba ku labari ya haura sittin. Idon yana nan, hannun yana nan, gwiwar dama ce ta ƙi. Ni ne kyaftin a lokacin, ba don na fi kowa ba, sai don ni ne mai motar da ke ɗaukar kaya. Bayan kowane wasa mukan sauka gidan abincin Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, a unguwar Morris Heights. Alhaji Yusha'u ba ya daɗewa, yana cin tuwonsa zai tafi ya sa wa gwiwa ƙanƙara. Ƙofa na rufuwa a bayansa sai musu ya tashi, kullum musu ɗaya. Masu kare shi su ce a nuna musu wanda ya fi shi maki a bana. Gaskiya ne, babu. Su ce in aka cire shi wa zai riƙe wasa idan yara suka fara zubewa kamar ɗanyen mangwaro a iska? Masu ganin lokaci ya yi su ce inda ake samun maki biyu shi ɗaya yake kawowa, in kuma mu ke tsaron fili sai an nemo lungun da ƙwallo ba ta zuwa an ɓoye shi. Awudu ɗan Kumasi, babban mai jifanmu, shi ya fi kowa zafi:

"Masta, ina son Alhaji paa, sosai ma, amma ƙafa ya ƙare. Mutum ya tafi lokacin da ana tafa masa, ba lokacin da ana jin tausayinsa ba."

Isufu bai san kan kurket ba ko kaɗan, amma bai taɓa barin musu ya wuce shi ba. Yakan ajiye ludayi ya ce:

"Bon, to, ni kokawa na sani. A wajenmu zakara ba a ce mishi ya bari. Ranar da yaro ya kai bayanshi ƙasa, shi da kanshi ya san hanyar gida. Ku kuwa kun hana a kada shi, kuna zaune kuna gardama."

Muka yi dariya, muka ce ya koma wa tukunyarsa. Sai daga baya na gane ya fi mu kusa da gaskiya, ko da yake shi ma bai san haka ba.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne Mubarak, ɗan Hajiya Memuna ta unguwar Soundview. Ya gama sakandare ke nan, kuma a cikin matasanmu shi ne wanda in ya buga ƙwallo 'yan wasu filayen kan juyo su kalla. Na haɗa shi da Alhaji su riƙa buɗe mana wasa, ina ganin tsoho zai natsar da saurayi. Wata Lahadi Alhaji ya buga ya ce "Zo!", ya taso, ya zo tsakiya gwiwa ta riƙe, ya juya ya koma. Mubarak ya riga ya taho da gudu. Suka haɗu a layi ɗaya, ɗayan layin babu kowa. A ƙa'idar hankali wanda ya yi kuskuren kira shi ya kamata ya tafi. Amma tun kafin ƙwallo ta iso Mubarak ya sa sandarsa a hammata ya kama hanyar waje, kansa a sunkuye. Na tsaya ina tunani, sai na tuna na ga irin wannan da wani saurayin a makon baya, da wani kuma kafin shi. Na ja Mubarak gefe na tambaye shi me ya hana shi cewa a'a tun farko, tunda ya ga gudun ba mai yiwuwa ba ne. Ya amsa da Turanci, yadda kuke yi mana, amma ga ma'anar:

"Baba, yaya zan daka wa Baba Alhaji tsawa a gaban mutane? Shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. In Mama ta ji, ba zan kwana a gida ba."

Mu muka yi musu wannan tarbiyyar, muna kuma alfahari da ita: yaro ba ya ce wa babba a'a, ba ya barin babba ya ji kunya yana tsaye. Ashe makin da muke yi wa Alhaji kirari da shi, rabinsa da wuyan yaran nan aka saye shi. Shi kuwa bai sani ba. Yana fitowa zai girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su iya gudu ba, gaggawa ta yi musu yawa. Bayan 'yan makonni Mubarak ya daina zuwa. Bai yi faɗa da kowa ba, sai dai muka hango shi a fili na gaba sanye da rigar wani kulob na 'yan ƙasar Gayana.

A gidan Isufu aka yanke cewa dole a gaya wa Alhaji, aka kuma yanke cewa ni zan faɗa. Hujjarsu ita ce ni abokin wasansa ne, bakina ba shi da linzami a kansa, abin da wani zai faɗa a yi gaba ni zan faɗa a yi dariya. Na ga kamar dabara ce. Na same shi a filin jiran layi na JFK yana shafa man zafi a gwiwa, na zauna kusa da shi na ce masa lokaci ya yi da zai ajiye sanda, ƙafarsa ta daina biyan kiran bakinsa, yara na fita saboda shi. Ya kalle ni, ya fashe da dariya har yana tari.

"Tun ina da baƙin gashi kake cewa na tsufa. Hassada ce irin ta bawa. Ka kawo rabin makina tukuna, sannan ka zo mu yi magana."

Na sake gwadawa a masallaci, na gwada a waya. Duk yadda na tsuke fuska sai ya ɗauka sabon salon tsokana ne. Na koma gida na gaya wa mahaifiyarku. Tana yankan kuɓewa, ba ta ko ɗago ba ta ce:

"Ai sun aiki wanda ba a jin maganarsa. Shekara nawa kana ce masa tsoho? Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba. Amma ka sani, in ka nuna masa, ba lallai ka same shi yadda ka bar shi ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ina da ikon cire sunansa daga masu wasa, amma da na yi haka zai tafi yana ganin an yi masa butulci, bai kuma san dalili ba har abada. Sai na cire saurayin da ke buɗe wasa da shi na sa kaina. Na ƙudura cewa ranar da ya yi kiran da ba shi da kai, zan yi masa abin da ɗan wasa ke yi wa ɗan wasa. Lahadi biyu suka wuce ba a sami dalili ba. Ta ukun ta faɗo a wasan bayan Babbar Sallah, ranar da iyalai ke zuwa da kuloli da tabarmi. Hauwa'u, kina nan da 'ya'yanki, mahaifiyarki ma tana nan. Wallahi da zaɓi aka ba ni da ban zaɓi ranar ba, amma na san in na ɗaga sau ɗaya ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba.

Ya fara wasan da kyau, jikokinsa na ta ihu. Sai ya tura wata ƙwallo kusa, kai tsaye wajen wani saurayi mai saurin hannu, ya ce "Zo!" Na buɗe murya iya ƙarfina na ce "A'a!" Ban motsa ba. Shi kuwa kunnensa ya manta da wannan kalmar a fili, ya ci gaba da tahowa yana ɗingishi har ya iso inda nake. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ina jin hucinsa. Aka wurga ƙwallo can layin da ya baro. Abin da ya fi yi mini ciwo har gobe shi ne, mai tsaron sandunan, wani dattijon Gayana da ya daɗe da saninmu, ya riƙe ƙwallon bai ture ba. Jira yake in fita, don su ma abokan hamayya sun saba ganin haka. Alhaji ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban wanda ke jiran a buɗe masa ƙofa. Da zan ɗaga ƙafa in wuce shi taku ɗaya, da ni aka fitar. Na dafe sandata a cikin layi na ce masa a hankali:

"Kiranka ne, Alhaji. Kai za ka tafi."

Aka ture sandunan. Filin ya yi tsit, har ina jin ƙarar jirgin ƙasa daga nesa. Alhaji ya dubi mai tsaron nan, ya dubi samarinmu da ke zaune a benci duk sun sunkuyar da kai, ya sake dubana. Ina jin a nan ya fara lissafin abin da ya wuce. Ya cire safar hannunsa ya taka a hankali ya fita. Ni ma ban daɗe ba aka fitar da ni, don ban ma ga ƙwallon da ta ci ni ba.

Na shirya wa zagi, na shirya wa gaba. Abin da ya zo ya fi su zafi. Washegari a JFK ya zo har motata, ya miƙo hannu biyu ya ce:

"Malam Habibu, barka da asuba. Yaya iyali? Allah Ya ba da sa'a."

Ya wuce. Malam Habibu! Mutumin da bai taɓa barina in gama gaisuwa ba tare da ya tambaye ni kuɗin fansar kaina ba. Haka muka yi sauran bazara da kaka da hunturu duka. Bai ƙara zuwa fili ba. In mun haɗu a masallaci ya gaishe ni da ladabi kamar surukinsa. Na tsokane shi sau ɗaya, ya yi murmushi ya ce Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Matanmu ba su daina aika wa juna abinci ba, amma kwano kan dawo a ranar, ba a ƙara zama hira. Ke Hauwa'u kika daina shigowa gidanmu, ban kuma ga laifinki ba. Na yi kewarsa ƙwarai, ya kuwa fi kowa kusa da ni a layin motoci. A gidan Isufu musu ya koma kaina: wasu su ce na yi abin da ya dace, wasu su ce ko gaskiya ce ai akwai ranar faɗarta. Awudu da ya fi kowa zuga ni, shi ya fara cewa shi fa bai ce a yi haka ba. Mahaifiyarku ta ce da ma Alhaji ya zo ya zage ni tas, da ta sami barci.

Abin da ban sani ba sai daga baya, daga bakin Hajiya Memuna, shi ne cikin hunturun nan Alhaji ya hau benensu a Soundview da wannan gwiwar tasa, ya zaunar da Mubarak ya tambaye shi ko da gangan yake fita. Uwar ce ta amsa, ta ce ita ta hore shi kada ya kuskura ya bar babba ya ji kunya. Ta ce sai Alhaji ya ce:

"Hajiya, kin yi tarbiyya, Allah Ya saka. Ni ne na ci ta ban sani ba. Kai kuma, Mubarak, ka dawo kulob ɗinmu. A cikin fili, in ka ce wa babba a'a, ka rufa masa asiri ne."

Har yau in an tambaye ni ko ya wuce lokacinsa, cewa nake yi hannunsa bai taɓa tsufa ba, kuma da mun gaya masa gaskiya da wuri da shi da kansa zai san ranar tafiya. Mu muka ja masa, da kunyarmu da kirarinmu.

Da sanyi ya wuce muka fito wasan gwaji na farko, mu ya mu. Ina sauke kaya sai ga shi da farar rigar alƙalin wasa, ashe ya yi hunturun yana koyon alƙalanci. Ya gaishe ni da Malam ɗin nan nasa, ya je ya tsaya a gefe. Mubarak ya dawo, ni da shi muka buɗe. Na tura wata ƙwallo na ga kamar akwai maki, na ce "Zo!", na taso. Sai na ji tsawa daga ɗaya kan, da Hausa tsantsa:

"A'a, Baba!"

Na ci birki na juya, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Na yi tsalle na faɗi rub da ciki, sandata ba ta kai layi ba, aka ture sandunan. Ina kwance da ƙasa a baki na ɗaga kai na dubi alƙali. Ya tako har inda nake, ya ɗaga yatsa sama, alamar an fitar da ni, a hankali kamar mai jin daɗin abin, sannan ya sunkuyo ya ce yadda kowa zai ji:

"Tashi ka ba mutane wuri, bawana. Bakano ko faɗuwa zai yi sai ya duba ko akwai kwabo a ƙasa."

Fili ya ɗauki dariya. Ni na zauna a wurin ina share ido, samari suka ɗauka ƙasa ce ta shiga. A ƙarshen wannan shekarar ni ma na ajiye sanda, ba wanda ya aiko a gaya mini.

Hauwa'u, amsar tambayarki ke nan. Daga ranar har zuwa ta ƙarshe da na je duba shi a asibiti, mahaifinki bai ƙara ce mini Malam Habibu ba.